Warƙa Tara a Tsakiyar Gafaka

Da sunan Allah nake buɗe wannan magana, Shi da ya san adadin kome ba sai ya ƙirga ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Abin da mahaifina ya bar mini gafaka ce guda ɗaya. Fatarta ta yi baƙi don tsufa, maratayinta ya tsinke an ƙulle shi wuri biyu. A ciki akwai warƙa ɗari da sittin da uku, duk rubutun hannunsa da ajami: waƙoƙin wa'azi, addu'o'i, da labarin yadda ya taso daga arewa har ya yada zango a unguwar Adjamé. Littafi irin namu ba a ɗinke shi. Warƙa-warƙa yake tsakanin tadarishi biyu, wato bangaye masu tauri da ke riƙe takardun, kuma a gindin kowace warƙa mai rubutu yakan sa kalmar farko ta wadda ke biye, domin ko iska ta watsa su a iya mai da kowace wurinta. Yawancin abin da ke ciki na haddace shi tun ina ƙarami, don a gabana aka rubuta shi. Warƙa tara ne kawai ban sani ba, saboda su kuwa nake wannan rubutu.

A farkon shekarun casa'in wani malami ya ɗauke ni zuwa wani gari can cikin ƙasa, in riƙa ja masa baƙi a tafsirin azumi. Ni nake karanta aya, shi yana fassarawa. Ina da murya a lokacin, na kuma san ina da ita. Saura kwana uku a rufe tafsiri sai saƙo ya iske ni ta bakin wani direba, cewa jikin Inna mahaifiyata ya tsananta, in zo. Na ce masa in Allah ya yarda ranar da aka rufe zan taho. Ranar rufewa ce masallaci yake cika har kan titi. Na tsaya, na ja baƙi, jama'a suka yi ta kabbara. Da na sauka a tashar Adjamé, an kwana ɗaya da binne ta.

Baba bai ce mini kome ba. Na durƙusa na yi masa gaisuwa, ya amsa, ya tambaye ni hanya. Shekara biyu muka ƙara a tsakar gida ɗaya, bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Sai bayan rasuwarsa, da na kwance gafakar ina duba abin da ke ciki, na tarar da warƙa tara da ban taɓa gani ba, a cuse a tsakiya.

Tawadarsu ce ta fara ja mini hankali. Baba da yambari yake rubuta takarda, tawadar da ake dafawa ta kama takarda ta zauna har jikoki. Waɗannan kuwa da zige ya rubuta su, tawadar allo, wadda ake wankewa da ruwa a sake wani rubutun. A shekarunsa na ƙarshe ba shi da ƙarfin dafa yambari, kuma ina jin bai so ya aike ni in dafa masa don wannan aikin ba. Rubutun ya fito siriri, toka-toka, sai ka karkata shi wajen haske.

Marsiyya ce, waƙar makoki, ya yi wa Inna. Na karanta warƙa ta farko, na karanta ta biyu. A ta uku ya ce ta kwana biyu fuskarta tana kallon ƙofa, duk takun da ta ji a soro sai ta ce ga shi nan. Ya ce ɗanta yana can yana jiyar da baƙi muryarsa. A nan na tsaya. Na mai da warƙoƙin wurinsu, na ɗaure igiya. Shida da rabi suka rage ban karanta ba. Ban san ko ya ci gaba da zargina har ƙarshe ba, ko kuwa a wani baiti ya ce ya yafe. Kullum sai in ce bayan azumi zan karanta, bayan layya zan karanta. Haka na yi fiye da shekara goma sha biyar.

Ƙanwata tana da ɗiya da aka haifa a unguwar Treichville, ta yi makarantar Faransanci ta koyi aikin kwamfuta. Lokacin da nake magana matar aure ce mai 'ya'ya biyu, tana aiki a wani shago kusa da tashar jiragen ruwa, inda ake buga wa mutane wasiƙu da takardun neman aiki. Hausarta rabi da rabi ce, sai ta fara magana da ita ta ƙarasa da Faransanci. Wata rana ta zo gaishe ni ta tarar na shimfiɗa warƙoƙin a tabarma suna shan iska, don damshin garin nan ba ya barin takarda lafiya. Ta tsuguna ta ɗaga ɗaya da gefenta ya ciccinye.

"Kawu, kyankyaso ya fi ka karanta littafin nan. Dubi, ya kusa sauke wannan shafin."

"Ajiye mini. Ke da ko alif ba ki ganewa."

"Ni ban gane alif ba, amma na gane abin da zai ƙare. Ka kawo shi shago in ɗauki hotonsa shafi-shafi, mu sa a faifai. Ko takardar ta lalace rubutun Kaka yana nan."

Na yi wata biyu ina jinkiri, sannan na yarda.

Kowace Asabar bayan azahar nake zuwa, lokacin da shagon ba cinkoso. Daga unguwar Filato akwai jirgin ruwa da zai sauke ni kusan a ƙofar shagon, amma ban taɓa yarda na hau shi da gafakar ba. Tsoron ruwa nake mata. Mota nake shiga mu bi ta gada, gafakar a cikin leda biyu, na rungume ta a ƙirji. 'Yar tawa takan hango ni daga nesa ta ce wa abokan aikinta, "Ga Kawu nan da jaririyarsa."

Aikin ba wuya sai cin lokaci. Ni nake ɗora warƙa a kan gilashin na'urar da hannuna, ban yarda wani ya taɓa ba. A rufe murfi, haske ya bi ta ƙasa ya wuce, shafi ya fito a fuskar kwamfuta. In juya bayan warƙar a sake. Kowane shafi ya zama fayil guda, ita tana cewa fishiye, duk kuma tana tara su a cikin jaka ɗaya da take kira dosiye. Ranar farko da na ga hannun Baba ya cika fuskar kwamfuta, har inda alƙalaminsa ya yi tsartuwa, sai da na ce Allahu akbar a fili. Mai shagon, wani dattijo da ba musulmi ba ne, ya zo ya tsaya a bayanmu ya daɗe yana kallo.

Asabar ɗin da muka kai tsakiya, na ga warƙar farko ta marsiyyar ta fito a saman tulin. Na miƙe na ce zan je masallaci.

"Kawu, ai la'asar da saura."

"Ina da nafila. Ki ɗora waɗannan da kanki, guda tara ne. Ki wanke hannu."

Ta dube ni, don ba ta taɓa jin na ce ta taɓa su ba. Ban ba ta dalili ba. Na je na zauna a masallaci, na yi nafilar, na ja carbi, aka yi la'asar, na ƙara zama. Da na dawo ta jera su yadda na bar mata.

"Waɗannan sun ba ni wahala," in ji ta. "Tawadar ba ta fito ba, shafin fari fat. Sai da na sake ɗaukarsu da wani nau'in fishiye mai nauyi, tif, shi ne ya kama rubutun. Daga baya zan juya su su zama irin sauran."

Na ce Allah ya yi mata albarka. Kunnena ya ji maganar, amma hankalina yana kan tusa warƙoƙin cikin tadarishi ba tare da idona ya faɗa kan wani baiti ba.

Bayan wata biyu muka gama. Ranar ƙarshe na zo da lissafina a ka: warƙa ɗari da sittin da uku, gaba da baya, shafi ɗari uku da ashirin da shida. Na ce ta tambayi na'urar nawa ke cikin jakar. Ta danna, ta karanto mini: ɗari uku da arba'in da bakwai.

Raina ya ɓaci nan take. A wurin wanda ya tashi a kan kwafar littafi, ƙari ya fi ragi muni. Wanda ya rage ya yi mantuwa, wanda ya ƙara kuwa ya sa wa marubuci magana a baki.

"Ashirin da ɗaya daga ina? Wa ya ƙara wa Baba rubutu?"

"Ba wanda ya ƙara, Kawu. Dosiye kamar kwandon kasuwa ne. In ka dawo daga kasuwar Guro ka juye kwando, ba tumatir kaɗai ke faɗowa ba, akwai ganye, akwai igiya. Kwamfuta tana ajiye wasu ƙananan fishiye nata na kanta, ni ma na rubuta wasu 'yan bayanai a ciki. In ka ce mata nawa ne, duk abin da ta gani take ƙirgawa."

"To ki ce mata ta ƙirga tumatir ɗin."

Ta yi dariya ta ce ai wannan aikinta ne. Ta buɗe wani baƙin allo a fuskar kwamfutar ta shiga rubuta layuka da Turanci da wasu alamomi masu kama da baka. Na ja kujera na ce ta fassara mini, don ba na son a rubuta abu a kan littafin Baba ban san ma'anarsa ba. Ta sa yatsa tana bi layi-layi.

"Nan na ce mata ta shiga dosiye. Nan na ce ta ɗauko fishiye ɗaya-ɗaya. Kowanne yana da 'yar wutsiya a ƙarshen sunansa da ke nuna nau'insa. Nan na ce ta duba wutsiyar, in jpg ne, wato irin hotunan da muke ɗauka, ta ƙara ɗaya a lissafi. In wani abu ne ta tsallake, kada ma ta kalle shi. Nan kuma ta faɗa mana jimla."

"Ba za ta yi ha'inci ba?"

"Ba ta da wayon ha'inci. Abin da aka ce mata shi take yi, ko da wauta ce."

Ta danna. Ban gama gyara zama ba lamba ta fito a ƙasan baƙin allon: 326.

Na ji wani sanyi a raina da ban iya kwatanta shi. Lambar da ke kaina ita ce a gabana, ba ƙari ba ragi. Na ce alhamdu lillahi, na ce mata wannan ilimi ne, kada ta bari kowa ya raina shi. Ta ce yau ce rana ta farko da na yabi bokonta, za ta gaya wa uwarta.

Sai ta ƙara duban fuskar kwamfutar.

"Cikin waɗanda ta tsallake akwai tif guda goma sha takwas. Na tsakiyar nan ne da tawadarsu ba ta fito ba. Ina jin na riga na juya su na maye gurbin marasa kyaun. Ina jin. Bari mu buɗe mu gani."

Warƙa tara, gaba da baya, goma sha takwas. Na san ko waɗanne ne tun kafin ta rufe baki.

A nan ya kamata in faɗi abin da Baba ya koya mini, don kada mai karatu ya ɗora wa yarinyar nan laifin da ba nata ba. In an gama kwafar littafi, ba a cewa an gama sai an yi muƙabala. Mutum biyu za su zauna, ɗaya ya riƙe asali yana karantawa a fili, ɗaya ya riƙe kwafi yana bi da yatsa, kalma-kalma, daga bisimilla har tammat. Ba a tsallake shafi don an san shi. Na yi wannan zama da Baba sau da yawa har ƙafata ta yi sanyi. Bai taɓa ƙirga warƙa ya ce littafi ya cika ba. Ƙirga na masu sayar da takarda ne.

Ita ma, da ba ta san sunan abin ba, shi ta nema.

"Mu bi su ɗaya bayan ɗaya, Kawu. Kai ka riƙe takardar, ni in riƙa buɗewa. Asabar biyu ta ishe mu."

Muƙabala na nufin in buɗe baki in karanta marsiyyar nan a fili, a cikin shago, a gaban jikar mai marsiyyar. Na ce ta buɗe shafin farko. Ta buɗe, ya fito tas. Na ce ta buɗe na ƙarshe. Shi ma tas.

"Shi ke nan. Lissafi ya cika."

"Na tsakiyar fa?"

"Ke ba ki yarda da na'urarki ba? Yanzu kika ce ba ta ha'inci. Ɗari uku da ashirin da shida na kawo, ɗari uku da ashirin da shida ta ce. La'asar ta gabato."

Ba ta ƙara musu ba, tarbiyyarta ba ta bar ta ta ja da kawunta sau uku ba. Ta ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin waɗancan, ta ce yanzu duk wanda aka ƙirga za a kwafe shi zuwa faifai. Tankaɗen da ya yi ƙirgar shi ya yi zaɓen. Faifai uku ta yi: ɗaya nawa, ɗaya nata, ɗaya na uwarta. Sannan ta ce mai shago yana ƙorafi jakar ta cika masa kwamfuta, musamman masu nauyin nan.

"In share, Kawu?"

"An sa a faifai?"

"An sa."

"Share."

Da bakina na faɗa. Na ga yatsanta ya sauka.

Na koma gida ranar da sauƙin zuciya. Har wani tunani ya zo mini a mota, cewa yanzu marsiyyar tana wuri huɗu, ba gaggawa, duk ranar da na sami ƙarfin zuciya zan karanta. Faifan nawa na sa shi cikin gafakar. Ba ni da kwamfuta, ban kuma nemi a buɗe mini shi ba.

Bayan shekara biyu gari ya rikice. Ba zan ba da labarin watannin nan ba, waɗanda suka gani sun sani. Unguwarmu ta zama ba ta zaunuwa, aka rufe kasuwa, ruwan famfo ya ɗauke. Wata safiya da harbi ya lafa 'yar tawa ta aiko mijinta ya kwashe ni da iyalina zuwa Treichville. Na ɗauko gafakar, ya dube ta ya girgiza kai.

"Kawu, akwai shingaye a hanya, ana zazzage kaya. In suka ga rubutun Larabci a jakar fata cewa za su yi layu ne kake kai wa mayaƙa. Ka bar ta, don Allah."

Gaskiya ya faɗa. Na kuma ce a raina ai akwai faifai. Na ɗora ta a kan kabad, can sama inda ɓera ba ya kaiwa, na lulluɓe ta da tsohon rawani, na kulle ɗaki.

Mako shida muka yi. Ruwan farkon damina ya sauka muna can, irin na garin nan da yake zuba kamar an kwance bakin salka. Da muka dawo, ƙofar tana kulle yadda na bar ta, ba a ɗauki ko cokali ba. Amma wani abu ya huda kwanon rufin, rami kamar tafin hannu, daidai saman kabad. Rawanin ya yi funfuna. Gafakar ta kumbura ta yi nauyi kamar an cika ta da ƙasa.

Kwana huɗu na yi ina ɓanɓare warƙoƙin da bakin wuƙa ina shanyawa a inuwa. Yambari ya yi abin da aka san shi da shi. Takarda ta yi ja, ta yi taswira, wasu gefuna sun narke, amma rubutun yana nan ana karantawa. Da na kai tsakiya sai na ga takarda tara ba kome a kansu sai wani dishi-dishin toka da ya gangara ƙasa ya taru a gefe. Zige ya yi abin da aka yi shi domin shi. Ruwa ya wanke shi kamar yadda ake wanke allo.

Ban firgita ba a lokacin, wannan ma yana cikin abin da ke ci mini rai. Na ce Allah ya sa mun yi dabara. Washegari na shiga mota zuwa Treichville, na ce da ita ta kawo faifanta. Shagon bai sake buɗewa ba, amma tana da kwamfuta a gida. Muka zauna a falonta da hantsi, 'ya'yanta suna wasa a waje. A hanya na riga na yanke shawara yau zan karanta har ƙarshe, kome na tarar.

"Buɗe daga ɗari da arba'in da ɗaya."

Ta buɗe. Fari. Ba fari tas ba, fari mai ɗan hazo, da wasu ɗige-ɗige baƙaƙe nan da can kamar kashin ƙuda. Ta buɗe na gaba. Haka. Na gaba. Haka. Ta daina jiran in ce mata, tana ta dannawa da sauri, har goma sha takwas, sannan hannun Baba ya dawo baƙi ƙirin a kan wata addu'ar shiga kasuwa da na haddace tun ina shekara tara.

Ta ɗora hannu biyu a ka.

"Ban juya su ba. Wayyo Allah, Kawu, ban juya su ba. Na farkon ne, marasa kyaun. Su ne jpg, su ta ƙirga. Masu kyaun su ne na..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta tashi ta ɗauko faifan uwarta, ko da yake mu duka mun san uwa ɗaya ta haife su. Nawa ma da ya kwana cikin ruwa ya buɗe, bai lalace ba, da fararen shafukansa goma sha takwas lafiya lau. Tana kuka tana cewa laifinta ne, da ta sa layi ɗaya kawai, da ta ce jpg ko tif, kalma biyu, da yanzu suna nan.

Na ce ta share hawayenta. Na ce ta ce mu buɗe, na hana. Ta ce mu bi su ɗaya-ɗaya, na hana. Ta tambaya kafin ta share, na ce share.

"To me ya sa, Kawu? Kai da ko ƙura ba ka bari ta sauka a kansu?"

A ranar na gaya mata abin da ke cikin warƙa ta uku, da abin da na yi a shekarar tafsiri. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har uwarta. Da na gama ta jawo kwamfutar gabanta ta ce bari ta gwada wani abu.

Mako uku tana fama da shafukan nan. Tana ƙara musu duhu, tana rage haske, tana faɗaɗa su har ɗigo ɗaya ya cika fuskar kwamfuta. Ta je wurin waɗanda suka fi ta sanin aikin. Ta nemo mai shagon, ya ce tsohuwar kwamfutar an daɗe da goge ta aka sa mata sabon kaya tun kafin rikici. Abin da ya fito ɗan kaɗan ne. Duk inda Baba ya tsoma alƙalami sabo, harafi biyu ko uku na farko sun ɗan fi kauri, su na'urar ta kama. Sauran babu. Ta buga mini su a takarda, na zauna da madubin ido ina bi.

Harufa ne warwatse, ba sa haɗa magana. Wani wuri rabin sunan Allah, wani wuri farkon kalmar da za ta iya zama kome. Amma a warƙa ta shida, kusa da ƙasa, kalma ɗaya ta fito cikakkiya, na san hannun, ba shakka a ciki: ɗana. Ta sake fitowa a warƙa ta tara, layi uku kafin ƙarshe. Gabanta fari, bayanta fari.

Ashe ya dawo kaina, har sau biyu, kuma da ni ya kusa rufe waƙar. Ko addu'a ya yi mini a wurin, ko ƙarata ya kai, ban sani ba. Shekara goma sha biyar da ɗoriya amsar tana ɗakina, a cikin gafaka, tsakanin tadarishi biyu, ba wanda ya hana ni ita.

Mutane sun ba ni haƙuri. Wani malami abokina ya ce uba ba ya rufe marsiyya da fushi, lallai yafewa ce. Na gode masa, amma bai san Baba ba, kuma bai karanta ba. Ni da aka koya wa kada in sa wa marubuci magana a baki, ba zan fara da wannan wurin ba.

'Yar tawa ta sami aiki a wani wuri yanzu. Ta ce mini duk lokacin da ta rubuta irin layukan nan, takan sa na'urar ta faɗi abin da ta ƙirga, ta kuma jero sunan duk abin da ta tsallake, sai ta gani da idonta kafin ta taɓa kome. Abokan aikinta suna mata tsiya wai tana ɓata lokaci. Har yanzu in ta zo gaishe ni ba ta kallon saman kabad.

Warƙoƙin tara na mai da su wurinsu a tsakiya. Ba su da kalmar gindi da za ta nuna wadda ke bin wata, ruwa ya tafi da ita, don haka ban ma san ko a jere suke ba. In na shanya littafin na zo tattarawa nakan ƙirga, don hannu ya saba. Ɗari da sittin da uku, kullum cif.

Allah ya jiƙan Inna, ya jiƙan Baba. Abin da ya rubuta a layukan nan yana wurin Wanda ba a share masa rubutu, a can zan ji shi.